Albashin MA da bashin makaranta a Amurka: digirin shekara biyu ko satifiket?

Dala 44,200 a shekara, wato dala 21.25 a awa. Wannan shi ne albashin tsakiya na ma'aikacin da Amurkawa ke kira medical assistant, ko MA a taƙaice, kamar yadda hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar, BLS, ta fitar na watan Mayun 2024. Albashin tsakiya na nufin rabin masu aikin suna samun ƙasa da haka, rabi kuma sama da haka. Kashi 10 cikin 100 na can ƙasa ba su wuce dala 35,000 da 'yan kai ba, na can sama kuwa sun ɗan haura dala 57,000. Duk wanda ke tunanin cin bashi don ya karanta wannan fanni, daga waɗannan alƙaluma ya kamata lissafinsa ya tashi, domin su ne ke nuna iyakar nauyin da albashin zai iya ɗauka.

Kafin a je ga kuɗi, sai an kawar da wani ruɗani da sunan ke jawowa. A Ghana da Sudan an daɗe ana kiran wani babban jami'in lafiya da irin wannan suna, mutumin da ke duba marar lafiya ya rubuta magani a inda babu likita. A Amurka ba haka ba ne. Mai wancan matsayi shi ne physician assistant, kuma digiri na biyu ake yi kafin a kai can. MA shi ne wanda zai kira sunanka a ɗakin jira, ya hau da kai sikeli, ya ɗaura maka abin awon hawan jini, ya tambaye ka magungunan da kake sha ya shigar a kwamfuta, sannan ya ce likita na nan tafe. Yakan ɗebi jini, ya yi gwajin zuciya na EKG, ya yi allura idan dokar jihar ta yarda, ya amsa waya, ya bi kamfanin inshora don neman izinin wani gwaji. Aiki ne mai mutunci, galibi na rana ne, Litinin zuwa Juma'a, kuma ana nemansa: masu yin sa sun kai wajen 800,000, kuma fannin na cikin waɗanda ke saurin bunƙasa. Sai dai yawan guraben aiki daban, tsawon albashi daban.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a yawancin jihohi doka ba ta ce sai da digiri za a yi wannan aiki ba, ba ta ma ce sai da lasisi ba. Jihar Washington ce fitacciya wajen tilasta rajista da ma'aikatar lafiyarta, New York kuma na cikin masu tsaurara iyakar abin da MA zai taɓa. Abin da masu ɗaukar aiki suka fi tambaya shi ne shaidar cin jarrabawar ƙwarewa: CMA ta ƙungiyar AAMA, ko RMA ta AMT, ko CCMA ta NHA, ko NCMA ta NCCT. Babu ɗaya a cikinsu da ta shardanta digirin shekara biyu. Mai satifiket na wata tara zuwa goma sha biyu da mai digiri duk jarrabawa ɗaya suke zaunawa, kuma a asibiti ɗaya za ka same su suna aiki kafaɗa da kafaɗa. A kan wannan gaɓa dukan kwatancen ya rataya.

Hanyoyin shiga da abin da kowace ke ci

Hanya mafi arha ita ce koyo a bakin aiki. Manyan asibitoci da cibiyoyin lafiya na unguwanni a jihohi da dama suna ɗaukar mutum a matsayin ɗan koyo, suna biyansa albashi yana karatu, su kuma biya masa kuɗin jarrabawa. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne ka yi musu aiki shekara ɗaya ko biyu bayan ka gama, in ka tafi kafin lokacin ka maido kuɗin horon. Guraben ba su da yawa, ana rububinsu, kuma sun fi faɗawa hannun wanda ya riga ya shiga asibitin ko da a matsayin mai karɓar baƙi ne ko mai tura keken marasa lafiya. Bashi a nan sifiri ne.

Ta biyu ita ce satifiket a kwalejin gwamnati ta shekara biyu, wadda ake kira community college. Ƙungiyar College Board ta ƙiyasta matsakaicin kuɗin makaranta na shekara ga ɗan yankin a dala 4,050 a zangon 2024 zuwa 2025. A California abin ya fi haka sauƙi, dala 46 ne kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi. Ta uku ita ce digirin shekara biyu a wannan kwaleji, kiredit 60 ko sama da haka kaɗan, wato wajen dala 8,100 kuɗin makaranta kawai. Ta huɗu kuma ita ce digirin a makarantar kuɗi, irin waɗanda ake kafawa don riba, masu talla a jikin bas da cikin jirgin ƙasa da Facebook. A can ba abin mamaki ba ne farashin digirin ya haura dala 30,000.

A kowace hanya akwai ƙananan kuɗaɗen da ba a cika sa su a talla ba: littattafai, yunifom, abin sauraren ƙirji, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, gwajin tarin fuka, binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, katin horon farfaɗo da numfashi, da kuɗin jarrabawar kanta. Sai kuma firaktikal. Shirye-shiryen da CAAHEP ko ABHES, hukumomin tantance karatun aikin lafiya, suka amince da su suna buƙatar aƙalla awa 160 na aiki a asibiti, yawanci ba biya, kuma da rana ne. Wata guda ke nan cur na cikakken aiki. Mai aikin rana dole ya tanadi kuɗin hayar wannan watan tun da wuri, domin a nan ne mutane da yawa ke tsayawa bayan sun gama duk darussan aji.

Tallafin da ba a biya, da bashin da ake biya

Wanda ya cike fom ɗin FAFSA, na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, zai ga kuɗi iri biyu a takardar da makaranta za ta ba shi, kuma sau da yawa a jere ake rubuta su kamar abu ɗaya ne. Tallafin Pell kyauta ne, mafi yawansa dala 7,395 a shekara a zangon 2025 zuwa 2026, gwargwadon ƙarancin kuɗin shigar gidan. Duk layin da ka ga an rubuta Direct Subsidized ko Direct Unsubsidized kuwa bashi ne. A na farko gwamnati ce ke ɗaukar kuɗin ruwa muddin kana makaranta aƙalla rabin lokaci, da kuma wata shida bayan ka fita. A na biyu kuɗin ruwa na fara hawa tun ranar da aka saki kuɗin. Ruwan bashin da aka karɓa a zangon 2025 zuwa 2026 kashi 6.39 ne cikin 100, kuma ana yanke kashi 1.057 tun daga tushe a matsayin kuɗin buɗe bashi.

Akwai iyakar abin da za a ba ka. Ɗalibin da ake lissafa shi ƙarƙashin iyaye zai iya karɓar dala 5,500 a shekarar farko da 6,500 a ta biyu. Wanda ya kai shekara 24, ko yake da aure, ko yake ciyar da 'ya'yansa, ana ɗaukarsa mai zaman kansa, nasa kuma 9,500 ne da 10,500, jimla 20,000. Wannan tallafi da bashi na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da waɗanda aka ba mafaka. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Ga wanda ya shigo da sakamakon WAEC ko NECO ko bakaloriya ta Nijar, shaidar kammala sakandare ce karɓaɓɓiya, ko da yake kwaleji na iya cewa a kai ta wani kamfanin tantance takardu irin su WES. Sabon zuwa kuma ya kula: yawancin jihohi sai ka yi wata 12 a cikinsu kafin a ba ka farashin ɗan gida, kafin nan kuɗin na iya ninkawa biyu ko fiye.

Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa. A kan ruwa kashi 6.39 da biya na shekara 10, kowace dala 1,000 da ka ranta za ta ci maka kusan dala 11.30 a wata. Bashin 10,000 zai zama 113 a wata, ka biya kusan 13,560 gaba ɗaya. Bashin 20,000 zai zama 226 a wata. Bashin banki mai zaman kansa a kan kashi 12 kuwa, kowace 1,000 tana cin 14.35.

Lissafin mace ɗaya a kan hanyoyi uku

A ɗauka wata mata ce a Greensboro ta jihar North Carolina mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ana biyanta dala 17 a awa. Tana da 'ya'ya, ta cancanci cikakken Pell. A ɗauka kuma aikin MA na farko da za ta samu dala 19 ne a awa, tunda sabon shiga ba ya farawa daga albashin tsakiya. Dala 19 sau awa 2,080 na shekara ya ba da 39,520, wato 3,293 a wata kafin haraji. Ƙarin da karatun ya kawo mata dala 2 ne a awa, kusan 347 a wata. In aka cire kashi 7.65 na harajin fansho da lafiyar tsofaffi, da kashi 12 na harajin tarayya, abin da zai shiga aljihu bai wuce dala 280 ba. Wannan 280 ita ce ribar karatun a wata, kuma da ita za a auna bashin, ba da dukan albashin ba.

In ta je makarantar kuɗi mai farashin dala 34,000, Pell na shekara biyu zai biya 14,790, saura 19,210. Wannan ya kusan cinye duk bashin gwamnati da aka yarda a ba ta, ba tare da ko kwabo ya rage na haya ko abinci ba. Daga ciki 8,000 ne kawai marar ruwa lokacin karatu. Sauran zai tara ruwan fiye da dala 1,000 kafin ta fara biya. Za ta fito da bashin kusan 20,300, biyan wata kusan 230, jimlar abin da za ta biya a shekara 10 wajen 27,500. Cire 230 daga 280, abin da ya rage mata dala 50 ne a wata, tsawon shekara goma, sai fa abin da ƙarin albashi ya kawo a hankali. Ta yi shekara biyu tana karatu da aiki da raino don wannan.

Abin ya fi muni ga wanda albashin gidansa ya ɗan ɗaga har Pell ya kuɓuce masa. Shi 20,000 zai karɓa daga gwamnati, ya nemo 14,000 daga banki. Biyan wata zai kama wajen 430, kashi 13 cikin 100 na albashinsa kafin haraji. Ga yaro ɗan shekara 19 kuma, tunda 12,000 ne iyakarsa, makaranta za ta juya ga iyaye ta ce su karɓi Parent PLUS, mai ruwa kashi 8.94 da kuɗin buɗewa kashi 4.228 a zangon 2025 zuwa 2026. Bashin nan sunan uba ko uwa yake ɗauke da shi, ba na yaron ba, ko da sun yi alkawari a tsakaninsu cewa shi zai biya.

In matar nan ta yi digirin a kwalejin gwamnati, 8,100 ne kuɗin makaranta, Pell kuma 14,790. Ya biya makaranta da littattafai har a maido mata da canji. Tana iya fita ba bashi ko kaɗan, 280 ɗin nan duka nata ne. In kuma satifiket ta yi a wannan kwaleji, haka nan ba bashi, kuma ta riga mai digiri fara aiki da shekara guda.

Wannan shekara guda ita ce kuɗin da ba ya fitowa a kowace takarda. Mai satifiket ta yi shekarar tana karɓar 39,520. Mai digiri, in tana aikin awa 20 a mako a kan dala 17, ta samu 17,680. Tazarar ta kai kusan 21,800, in aka haɗa da kuɗin makarantar shekara ta biyu ta doshi 26,000. A ce digirin ya ƙara mata dala 1 a awa, wato 2,080 a shekara: sai ta yi fiye da shekara 12 kafin ta cike gurbin. Kuma asibitoci da yawa ba sa ma bambanta albashin farawa tsakanin su biyun. Shaidar jarrabawa da shekarun aiki suke dubawa. Inda kake aiki ya fi takardar tasiri. Fiye da rabin masu wannan aiki a ofisoshin likitoci suke, alhali cibiyoyin jinya na je-ka-dawo da manyan asibitoci sun fi biya, kuma jihohin gabar yamma irin su Washington da California sun fi na kudu nesa ba kusa ba, ko da yake haya ma can ta fi tsada.

Akwai ƙa'idar da ake yawan ambatawa, cewa biyan bashin karatu kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na albashi. A albashin 39,520 wannan ya ba da damar bashi har 23,000. A ganinmu wannan ma'auni ya yi sako-sako ga wannan aiki, musamman ga mai iyali da ke aika kuɗi gida kowane wata. Bashin da ya wuce dala 8,000 zuwa 10,000 a kan karatun MA ya fara cin kusan kashi ɗaya cikin uku na ribar karatun ko fiye, kuma daga nan ya kamata mutum ya tsaya ya nemi wata ƙofa.

Inda digirin ke da amfaninsa

Ba a ce digirin banza ba ne. Yana taimakawa wajen zama shugaban MA a sashe, ko manajan ofishin likita, ko malami a shirin horar da MA, kuma wasu manyan asibitoci na fifita shi a irin waɗannan muƙamai. Yana kuma da amfani ga wanda Turancinsa na rubutu ke buƙatar gogewa, domin shekara ta biyu galibi darussan rubutu ne da lissafi da ilimin halayyar ɗan Adam. Amma hanyar da ta fi dacewa a samu wannan amfani ita ce a bi shi hawa-hawa. Kwalejoji da yawa sun tsara satifiket ɗin ya zama shi ne shekarar farko ta digirin. Ka gama satifiket, ka ci jarrabawa, ka kama aiki, sannan ka ƙarasa sauran kiredit da yamma ko ta intanet. Dokar haraji ta yarda wurin aiki ya biya wa ma'aikaci har dala 5,250 a shekara kuɗin karatu ba tare da an sa masa haraji ba, kuma manyan asibitoci da yawa na yin hakan. Wannan kuɗi kaɗai ya isa shekara ta biyu a yawancin kwalejojin gwamnati. Jihohi irin su Tennessee da Michigan da Massachusetts ma suna da shirin karatu kyauta a waɗannan kwalejoji ga manya da ba su da digiri.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: in har za ka ba da shekara biyu, me ya sa sai MA? A kwaleji ɗaya, da farashin kiredit ɗaya, ana yin digirin shekara biyu na aikin jinya, na ɗaukar hoton ƙashi, na kula da numfashi, na tsaftace haƙori. Alƙaluman BLS na Mayun 2024 sun nuna albashin tsakiya na nas mai rajista dala 93,600 ne, na mai tsaftace haƙori 94,260, na mai kula da numfashi 80,450, na mai ɗaukar hoto 77,660. Ko ƙaramar nas, LPN, da ake karantawa a kusan shekara ɗaya, 62,340 ne. Bashin 20,000 da ke danne mai albashin 40,000 ba ya hana mai 90,000 barci.

Gaskiya ne waɗannan ba su da sauƙin shiga. Sai ka fara cin darussan share fage, ilimin sassan jiki kashi na ɗaya da na biyu tare da aikin ɗakin gwaji, ilimin ƙwayoyin cuta, wani lokaci da kimiyyar sinadarai, da maki mai kyau, sannan jarrabawar shiga irin ta TEAS, sannan ka yi takara da ɗaruruwa a kan kujeru ƙalilan. Shekara biyun kan zama uku ko fiye. Karatun jinya kuma ba ya barin mutum ya yi cikakken aiki a gefe. Saboda haka ga wanda ke buƙatar albashi yanzu, satifiket na MA matakala ce mai kyau: yana sa ka cikin asibiti, kana ganin aikin da idonka, kana share fagen da kuɗin wurin aikinka.

A nan ne kuma mutane ke faɗawa rami. Darasin sassan jiki da ake yi a shirin MA sau da yawa taƙaitacce ne, ba shi da ɗakin gwaji, kuma sashen jinya ba ya karɓarsa ko da a kwaleji ɗaya ne. Digirin MA galibi nau'in AAS ne, wanda aka tsara don aiki, ba don ci gaba zuwa jami'a ba. Kiredit na makarantun kuɗi kuwa ya fi kowanne wahalar tafiya: ofishin binciken gwamnati na GAO ya ruwaito a 2017 cewa ɗaliban da suka koma makarantun gwamnati daga makarantun riba sun rasa kimanin kashi 94 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Pell ma yana da iyaka, zango 12 ne a duk rayuwa, wato kusan shekara shida na cikakken karatu. Wanda ya ƙona huɗu a digirin MA, takwas suka rage masa in ya waiwayi jinya daga baya.

Yadda ake bincikar makaranta kafin sa hannu

A ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar kuɗi, tarbar tana da daɗi. Za a zagaya da kai ka ga ɗakin gwaji da hannun roba na koyon ɗiban jini, a gaya maka aji na farawa Litinin mai zuwa kuma kujera biyu suka rage, a miƙo maka allon kwamfuta ka sa hannu da yatsa. Abin da ke jan mutane gaskiya ne: ba jerin jira, ba jarrabawar tantance matakin Turanci da lissafi da za ta mai da kai baya, akwai ajin dare da na ƙarshen mako. Kwalejin gwamnati kuwa sai ka bi layi, wani lokaci sau ɗaya take ɗauka a shekara. Wannan sauƙi shi ake sayar maka da ƙarin dala 20,000 ko fiye. Kada ka sa hannu a ranar. Ka karɓi takardar yarjejeniyar ka tafi da ita gida, ka nemo abu huɗu a rubuce: jimlar kuɗin shirin gaba ɗaya, yawan waɗanda suka fara da waɗanda suka gama, yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙwarewa, da ko makarantar ce ke samo wurin firaktikal ko kai za ka nema.

Tantancewa hawa biyu ce. Akwai ta makarantar kanta, wadda ke ba ta damar karɓar kuɗin FAFSA, akwai kuma ta shirin MA ɗin daga CAAHEP ko ABHES, wadda ita ce miƙaƙƙiyar hanya zuwa jarrabawar CMA. Ka duba sunan shirin a shafin hukumar da kanka, har da reshen da za ka zauna, domin wani reshe na iya samu wani bai samu ba. Game da tafiyar kiredit kuma, ba makarantar da za ka bari ake tambaya ba, wadda za ka koma ake tambaya. Zuwa da kai ya fi aike.

Shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi yana nuna bashin tsakiya da albashin tsakiya na waɗanda suka gama kowane fanni a kowace makaranta. Yana da amfani ƙwarai, amma akwai tarko a cikinsa. An cusa MA a rukuni ɗaya, mai lamba 51.08, da mataimakan masu gashin ƙashi da makamantansu, waɗanda albashinsu na tsakiya ya haura dala 65,000. A kwalejin da ke da waɗannan shirye-shirye duka, albashin da za ka gani a matakin digirin shekara biyu na iya zama nasu ne ya ɗaga shi. Ka gwada shi da tallan guraben aiki na garinku. Jihohi irin su New York da California da Colorado da Washington sun wajabta rubuta albashi a tallan aiki, don haka minti goma sun isa ka ga ainihin abin da ake biyan sabon MA.

Makaranta ma tana iya rufewa. Kamfanin Corinthian Colleges, mai makarantun Everest da suka horar da MA masu ɗimbin yawa, ya durƙushe a 2015. Sai a 2022 ma'aikatar ilimi ta yafe dala biliyan 5.8 ga mutum 560,000 da suka yi karatu a can, bayan sun yi shekaru da bashin a wuyansu.

Biyan bashin, da batun riba

Ga bashin da aka karɓa daga 1 ga Yulin 2026, dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rage tsare-tsaren biya zuwa biyu. Akwai na ƙayyadadden biya, wanda ga bashin da bai kai 25,000 ba shekara 10 ne. Akwai kuma RAP, mai bin kuɗin shiga: mai samun tsakanin 30,000 da 40,000 zai biya kashi 3 cikin 100, wato kusan dala 99 a wata a albashin 39,520, a rage masa 50 kan kowane yaro, amma biyan na iya kaiwa shekara 30. Shirin PSLF na yafe ragowar bashi bayan biya 120 ga mai cikakken aiki a gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba. Asibitin gwamnati da cibiyar lafiyar unguwa suna shiga. Ofishin likita mai zaman kansa, inda mafi yawan MA suke, galibi ba ya shiga. Bashin banki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sassauci.

Wanda ya yi kwana 270 bai biya bashin gwamnati ba, an sa shi a sahun waɗanda suka gaza. Daga nan ana iya yankar har kashi 15 cikin 100 na albashinsa ba tare da zuwa kotu ba, a riƙe kuɗin harajin da ake maido masa, sunansa kuma ya ɓaci wajen neman haya ko mota. Shelar karayar arziki ma da ƙyar take goge bashin karatu.

Musulmi da yawa ba lissafin kaɗai ke damunsu ba, kuɗin ruwan kansa ne. Hukuncin wannan na malamai ne, amma ta fuskar tsari akwai hanyoyin kauce masa gaba ɗaya a wannan fanni, abin da ba ya samuwa cikin sauƙi a karatun likita ko lauya. Pell ba bashi ba ne. Kwalejojin gwamnati na da tsarin biya kashi-kashi a cikin zango, ba ruwa, sai ɗan kuɗin rajista. Ofisoshin American Job Center na biyan kuɗin gajeren horo ga wanda ya cancanta, ƙarƙashin dokar WIOA. Kuma ba dole ba ne ka karɓi duk abin da aka rubuta a takardar tallafi: kana da ikon karɓar Pell ka ƙi bashin, ko ka rage shi zuwa abin da kake buƙata.

Wanda ya fi kowa shan wahala a wannan harka shi ne wanda ya ci bashin bai gama ba, domin ga bashi ga tsohon albashi. In ka janye kafin kashi 60 cikin 100 na zango ya wuce, makaranta za ta mayar wa gwamnati wani ɓangare na tallafin, ta dawo ta bi ka kuɗin kai tsaye, kuma tana iya hana ka sake rajista sai ka biya. Tallafin na kuma tsayawa in matsakaicin makinka ya faɗi ƙasa da 2.0 cikin 4.0 ko ka kasa cin kusan kashi 67 cikin 100 na darussan da ka ɗauka. Saboda haka in haihuwa ta matso, ko tafiya gida ta taso, ko an canza maka lokacin aiki, ka je ofishin tallafin kuɗi kafin ka daina zuwa aji, ka tambayi ranar da kashi 60 ke cika a wannan zangon, ka kuma nemi a rubuta maka nawa za a bi ka in ka tsaya yau da nawa in ka jira har ranar.